Abin da Ke Saman Gidan Alhaji Badaru

Litinin, 21 ga Afrilu, bayan La'asar

Yau firinsifal ta ce in zauna a gida har a gama bincike. Ba ta dube ni ba, tana magana tana gyara takardun da ba sa buƙatar gyara. Shekara goma sha shida ina koyar da fiziks a makarantar nan ta 'yan mata, ko a kan makara ba a taɓa kai ƙarata ba. Ta ce iyaye ne suka fara bugo waya, ga 'yan aji shida na shirin jarrabawa, ba ta son hayaniya. Na ɗauki jakata na fita ta ƙofar baya.

Zan rubuta komai a littafin nan. Ba na so in manta ko ɗaya.

Talata, 22 ga Afrilu, da hantsi

Mai unguwa ya aiko mutum biyu sun sauke madubin hangen nesana daga kan soro. Sun rungumo shi kamar buhun gero. Na ce su riƙe shi ta gindi, ɗayan ya yi dariya ya ce ashe bindigar ma tana da gindi. Haka 'yan unguwa ke kiran sa, bindigar Malam Misbahu.

Tun watan Fabrairu nake bin abu ɗaya a sama. Wani tarin taurari ne mai siffar guguwa, hannayensa biyu sun murɗe, masana suna ce masa M51. Yana kusa da mariƙin taurarin nan bakwai masu kama da ludayi. Ido ba ya ganin sa. Sai ka ɗaura kyamara a jikin madubin ta sha haske minti biyu, ka sake, ka sake, sau ɗaruruwa, sannan kwamfuta ta jibga hotunan a kan juna har siffar ta fito. Ina da ɗari da arba'in. Ɗari uku nake nema.

Tarin taurarin nan ta arewa yake fitowa. Gidan Alhaji Badaru yana arewa da namu, katanga ɗaya ce tsakani. Ba ni na ajiye shi a can ba.

Abin da Alhaji ya je ya faɗa wa mai unguwa ba zan sa shi a takarda da hannuna ba. Ya ce iyalinsa ba su da sirri a tsakar gidansu. Wannan ya isa.

Laraba, 23 ga Afrilu, Azahar

A masallaci Sabiru tela ya matsa ya bar wurin mutum guda tsakanina da shi. Ni na koyar da 'ya'yansa biyu.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da yamma

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce tun ranar da na sayo abin nan ta san zai jawo magana, ta ce mutumin kirki in dare ya yi ɗakinsa yake shiga. Sai ta sassauta murya ta ce ai Daura ba ta mantuwa, kowa ya san shekara goma sha tara da suka wuce wa yake zuwa zance ƙofar gidan su Barakatu kafin Badaru ya zo da motarsa. Na ce mata wannan tsohon zance ne. Ta ce ita ma ta san tsoho ne, shi ya sa yake da jijiya.

Ban ci tuwo ba.

Juwairiyya, matata, tana shara, tana girki, tana gaishe ni kamar kullum. Tun ranar Litinin ba ta tambaye ni komai ba. Da ma ta yi faɗa.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan Asuba

Na lissafa waɗanda suka daina gaishe ni. Sabiru tela. Mai shayin bakin titi. Malamai uku. Ladan yana amsawa amma a ciki-ciki. Ba su nake so ba, su bin iska suke yi. Mutum ɗaya nake so.

Na yi ta tunanin abin da zan yi masa. Shagon magani Alhaji Badaru yake da shi a kasuwa, na san ba duk abin da ke kan kantarsa ba ne yake da sauran kwana. In kai rahoto? Zai ba da haƙuri a wuce wurin, gobe ya buɗe. Wannan ba zai kai masa inda nawa ya kai mini ba. Ina son abin da zai hana shi barci, ya kuma rasa wanda zai kai ƙara.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan Isha'i

Babu wata. Sama wankakkiya, irin wadda nake jira tun farkon shekara. Madubina yana zauren mai unguwa kusa da buhunan dusa.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Imel ya shigo daga gidauniyar nan mai kai 'yan mata ƙasar waje karatun injiniya. Tunatarwa ce. Ɗalibar da ta sa sunana a matsayin malamin da zai shaide ta tana jiran wasiƙata, za a rufe ranar Juma'a tara ga Mayu da ƙarfe sha biyu na rana. Ni kaɗai zan iya aikawa, ta hanyar da suka turo mini, kuma ɗaliba ba ta ganin abin da malami ya rubuta.

Ɗalibar Sumayya ce, 'yar fari a gidan Alhaji Badaru.

Na manta da zancen gaba ɗaya. Tun Janairu ta cike takardun, ni na ce ta nema. A shekara goma sha shida ban koyar da mai kai irin nata ba. Ranar da na nuna wa ajinsu yadda ƙaramin injin madubina yake juyawa a hankali yana bin taurari, ita ce ta je ta kwance injin tsohuwar firinta ta haɗa faifan sola mai bin rana daga safe zuwa yamma. Shi ta tura wa gidauniyar.

Na karanta imel ɗin sau huɗu. Na rufe kwamfutar. Yau na ci abinci sosai.

Laraba, 30 ga Afrilu, La'asar

Kwana tara.

Alhamis, 1 ga Mayu, da yamma

Juwairiyya ta kawo mini kunun aya ta zauna a bakin gado, abin da ba ta yi ba kwana goma. Ta ce Barakatu, matar gidan can, ta aiko mata a ɓoye, wai ita ba da bakinta aka kai ƙara ba, wai yarinyar ba ta cin abinci saboda zancen wasiƙa, tana jin kunyar tunkarata. Na ce na ji.

Ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ce, “Malam, ni ba mai unguwa ba ce. Ka duba ko ba ka duba ba?”

Na ba ta amsa. Ta ɗauki kofin ta fita.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Na hango Alhaji a sahu na biyu cikin farar shadda, yana ta miƙa hannu ana gaisawa. Ya ƙara ƙiba. Liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabtaka, na ga kawuna suna juyowa ta wajena. Shi ko gyaɗa kai yake yi.

Na tuna ranar sunan Sumayya, yadda ya yanka raguna biyu ya aiko mana da cinya, ya ce a ba Malam musamman. Na daɗe da sanin ma'anar wannan musamman ɗin.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan Magariba

An yi zaman yau a ƙofar gidan mai unguwa. Mutane sun fi ashirin, har da wakilin firinsifal. Mai unguwa ya gayyato Malam Abbas, dattijon da ke cikin masu duban wata, tsohon ma'aikacin safiyo ne, ya san gilashi. Bai yi dogon bayani ba. Ya sa aka kafa madubin, ya auna taku ashirin, daidai nisan sorona da tsakar gidan Alhaji, ya tsayar da mutum a wurin da jar hula. Ya ce kowa ya zo ya leƙa.

Ɗaya bayan ɗaya suka leƙa. Ba abin da ake gani sai hazo ja. Malam Abbas ya murɗa abin saiti har ƙarshe, hazo dai. Ya ce wannan madubi an yi shi ne don abin da ke nesa ƙwarai, abin da ke kusa ba ya kama shi, ko da mai shi ya so. Sannan ya sa na buɗe kwamfuta suka ga hotuna ɗari da arba'in, kowanne da rana da lokaci, baƙin sama da ɗigo-ɗigo. Da wata ya bayyana ya juya musu madubin suka ga ramukan da ke jikinsa. Sabiru tela ya yi salati ya ƙi ba na bayansa wuri.

Mai unguwa ya ce Alhaji ya ba ni haƙuri. Ya taso ya ce shi dai kishin iyali ne, kowa a matsayinsa haka zai yi, in an ɓata wa Malam rai a yi haƙuri. Bai ce ya yi ƙarya ba. Bai dubi idona ba. Aka shafa fatiha, kowa na cewa alhamdulillahi an rabu lafiya.

Akwai ƙaramin madubi a gefen babban, wanda ake fara nemo tauraro da shi. Na cire shi tun ranar da aka zo ɗauka, yana cikin akwatina. Ba wanda ya tambaya.

Litinin, 5 ga Mayu, da safe

Na duba babban gilashin. Shatin yatsu huɗu, da ƙurar dusa. Wani ya goge shi da bakin riga ya bar zane siriri daga gefe zuwa gefe. Wannan ba ya fita har abada.

Mai shayi ya gaishe ni da ƙarfi, har da tambayar iyali.

Talata, 6 ga Mayu, Azahar

Firinsifal ta bugo, ta ce in koma ranar Litinin, ta ce ita da ma ba ta taɓa yarda ba. Kafin ta kashe ta tuna mini da wasiƙar Sumayya, wai makaranta ta sa rai.

Kowa ya huce. An ba ni haƙuri a gaban mutum ashirin, an zubar da ni a gaban gari guda. 'Yan matan da suka ji daga bakin iyayensu ba su zo zaman ba. Bayan shekara goma wata za ta nuna ni ta ce ga malamin nan da aka ce. Wannan “aka ce” ɗin ba fatihar da za ta wanke shi.

Da na yi niyyar in ƙi aikawa kawai. Na sake tunani. In ban aika ba za a gani, za a ce Misbahu ya huce a kan yarinya, in sake zama abin nunawa, shi kuma ya zama wanda aka zalunta. A'a. Zan aika.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan La'asar

Na rubuta iri biyu. Ta farko shafi biyu ce, ban sha wahalarta ba, gaskiya ce kawai na jera. Ta biyu layi shida. Na ce ɗaliba ce mai zuwa aji a kan lokaci, mai ladabi. Na ce game da faifan solar da ta gabatar, ba zan iya tabbatar da cewa aikin hannunta ba ne ita kaɗai.

Wayoyin lantarki biyu na riƙe mata ranar da take haɗawa, saboda hannunta na rawa. Ke nan ba ita kaɗai ba ce. Duk wanda ya karanta layin nan zai fahimci abin da ban faɗa ba, kuma ba wanda zai ce na yi ƙarya. A wurin ubanta na koyi wannan.

Juma'a, 9 ga Mayu, sha ɗaya da minti arba'in

Na aika.

Juma'a, bayan Isha'i

An aiko da kwano daga gidan can, dambun nama ne cike har baki. Yarinyar ta ga alama a shafinta cewa wasiƙar malami ta shiga. Juwairiyya ta ajiye kwanon a gabana ta ce Allah ya saka da alheri, ta ce yau ta san wanda ta aura. Inna ta sa mini albarka har da hawaye.

Na ci. Yana da daɗi.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan an tashi

Na koma aji. Suka miƙe suka gaishe ni, wasu na kallon ƙasa. Bayan darasi Sumayya ta tsaya har kowa ya fita, ta durƙusa a gefen tebur. Ta rame. Ta ce ta san abin da aka yi mini, ta ce ba ta da bakin ba da haƙuri, ta ce ko ba a ɗauke ta ba ba za ta manta ba. Na ce ta tashi ta je ta yi karatun jarrabawa.

A bakin ƙofa ta juyo ta tambaye ni ko hoton ya kammala. Na ce saura. Ta ce in ya fito tana so ta gani.

Idonta irin na uwarta ne. Wannan ba laifina ba ne, ba kuma nata ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ba komai. Zafi.

Lahadi, 18 ga Mayu, da hantsi

Jiya bayan sallar Isha'i Alhaji ya kamo hannuna a ƙofar masallaci, a gaban ladan da Sabiru tela. Ya ce shi ya cuce ni, ni kuma na rama da alheri, ya ce samun irin Malam Misbahu sai an tona. Wannan karon ya dubi idona.

Abin da nake jira ke nan tun ranar ashirin da ɗaya ga Afrilu. Da ya faɗe shi ranar zaman, a gaban mutanen nan. Da ya faɗe shi ko ranar Alhamis ɗin can kafin La'asar. Ya makara da kwana tara, kuma shi ya makara, ba ni ba.

Na ce masa ya wuce.

Asabar, 24 ga Mayu, kafin Asuba, gonar Kawu Hamma

Ba zan sake hawa soron gida ba, ko an ce in hau. Na ɗauko kayan a mota na zo garin Babban Mutum wurin ƙanen Inna. Kawu Hamma ya gama sharar gona yana jiran ruwa. Ya shimfiɗa mini tabarma a gindin gawo, ya ce in dai abin nan ba ya korar hadari to in yi ta yi. Ya zauna tare da ni har ya fara gyangyaɗi, ya tambaye ni nisan abin da nake nema. Na ce hasken da ke shiga kyamarar nan ya baro can tun shekara miliyan ashirin da wani abu. Ya ce to ai ko ya gaji, ya tafi ya kwanta.

Nan babu fitila ko ɗaya. Daren jiya da na yau na samu ɗari da saba'in, na zubar da sha biyu da iska ta girgiza. Injin yana ta ƙaramin kukansa yana bin sama. Na zauna ina jin sa, sai na ga hannun yarinyar yana rawa a kan wayoyin nan biyu. Na tashi na zaga gonar.

Ba zan janye ba. Ko na so ma, an rufe.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan Magariba

Hoton ya fito. Kwamfuta ta yi awa uku tana haɗawa, na ja hasken a hankali, sai ga shi daga cikin baƙi: tsakiya mai fari, hannaye biyu sun murɗe, da wani ƙaramin tari a gefe kamar ya riƙe shi da hannu ɗaya. Har zanen ƙura mai duhu a cikin hannayen ana gani. Wata huɗu ina jiran wannan.

Na kira Juwairiyya ta gani. Ta ce ma sha Allah, ta ce duk wannan tashin hankali a kan ɗan wannan ne. Ta koma wurin tukunya.

Na buga ɗaya a takarda mai sheƙi a shagon hoto na bakin tasha. Na ba Sumayya a makaranta. Ta riƙe shi ta gefe-gefe don kada yatsa ya taɓa, ba wanda ya koya mata haka. Ta tambaya ko ƙaramin ne yake jan babban ko babban ne yake jan ƙaramin. Na ce duka biyun. Ta ce za ta tafi da shi in Allah ya sa an ɗauke ta.

Alhamis, 29 ga Mayu, La'asar

An fitar da sunayen waɗanda za a kira ganawa. Firinsifal ta shigo ɗakin malamai da waya a hannu, ta ce ta duba sau uku, babu sunan Sumayya. An ɗauki wata daga Mashi wadda makinta bai kai nata ba. Malamai suna ta cewa sai da hanya, ƙasar nan sai da hanya. Na ce haka ne.

Tun da na dawo gida nake jin kuka ta bayan katanga. Ba mai ƙarfi ba ne. Yana tsayawa ya dawo. Muryar uwar tana rarrashi.

Na jira in ji abin da na ɗauka zan ji. Na ji kaɗan. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, na ji kaɗan.

Juma'a, 30 ga Mayu, da yamma

Alhaji ya yi sallama da ni a zaure bayan La'asar. Shi kaɗai, ba hula, idanunsa ja. Ya zauna a ƙasa, na ce ya hau tabarma ya ƙi. Ya ce daren jiya bai runtsa ba. Ya ce ya san alhakina ne ya faɗa kan 'yarsa, shi ya yi laifi ita ta biya, ya yi ta maimaitawa. Ya ce ta ce ba za ta sake nema ba, shi kuma ya lallashe ta har ta yarda za ta gwada baɗi, in ji gidauniyar ana iya sakewa sau ɗaya.

Sannan ya ce, “Malam, ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ne bai nufa ba. Ta ce ba ta yarda da wasiƙar kowa ba sai taka. Za ka sake rubuta mata?”

Juwairiyya tana tsaye a bayan ƙofa da butar ruwa, ina ganin inuwarta.

Na ce masa to.